Daƙiƙa 30 da labari a bakinka



Matasanmu da dama a nan Legas suna neman aiki a kamfanonin da ke amsa kiran abokan ciniki ta waya. Wasu daga cikin kamfanonin nan takardar makaranta ba ta ishe su ba, sai sun ji Turancin bakinka. Ɗaya daga cikin jarrabawar da ake amfani da ita ita ce Versant ta kamfanin Pearson, wadda ake yi ta waya ko kwamfuta, na'ura ce kuma ke ba da maki. Na zauna mata bara, kuma sashen da ya fi cin mini lokaci wajen shiri shi ne na maimaita labari. Za a karanta maka gajeren labari sau ɗaya tak, sannan a ba ka daƙiƙa 30 ka faɗe shi da kalmominka.

Ba hadda ake nema ba. Wanda ya ce sai ya riƙe kowace kalma, kafin ya kama jimla ta biyu ta farko ta tsere masa. Abin da ake so shi ne abin da kowannenmu ke yi idan ya dawo daga kasuwar Mile 12 ya tarar da mutanen gida: wane ne, a ina, me ya faru, yaya aka ƙare. Waɗannan huɗun na ɗora a kan yatsuna. Ina saurare ina lanƙwasa yatsa, idan lokacin magana ya zo sai in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mako shida muka yi da ƙanena, kullum bayan sallar isha'i a ɗakinmu na Agege. Ya karanta mini ɗan labari daga jaridar Turanci, ya danna agogo, ni kuma in yi magana waya tana ɗauka. Bayan nan mu saurara tare. Yakan ce, "Yaya, ka faɗi wanda aka sace wa babur, amma ba ka faɗi inda aka gano shi ba." Sai mu sake.

A sauraron nan ne na lura da inda harshenmu ke taimakonmu da inda yake ja mana baya. Mu Hausawa muna da "shi" da "ita", don haka bambanta namiji da mace a Turanci ba ya ba mu wahala kamar maƙwabtanmu Yarbawa, waɗanda kalma ɗaya suke amfani da ita ga duka biyun. Amma a Hausa "ya tafi" da "zai tafi" duk "tafi" ne, aikatau bai sauya ba. A Turanci kuwa shi kansa aikatau ɗin ke sauyawa, kuma labari yawanci abin da ya riga ya wuce ne. Ga kuma Buroka da muke sha kullum a mota da kasuwa, wanda shi ma bai damu da wannan sauyi ba. Saboda haka na ware minti goma kowace rana ina ba da labarin jiya da Turanci zalla. Sai sautin "p" da bakinmu ke son mayarwa "f", shi ma na ba shi nasa lokacin.

Abu na ƙarshe, kada ka yi shiru kana neman babbar kalma. Gajerun jimloli biyar da suka kai ƙarshen labari sun fi doguwa ɗaya da ta maƙale a hanya.

Alhamdulillahi, na samu aikin, da shi nake biyan haya yau. Duk ɗan ƙungiyar nan da ke da irin wannan jarrabawa a gabansa, ya nemi abokin zama ɗaya da waya mai ɗaukar murya, ya fara tun da sauran lokaci. Idan an haɗu a taron wata, a shirye nake in zauna da mai buƙata.

Allah Ya ba matasanmu sa'a, Ya buɗa mana hanyoyin halal.