Daga Lifidi Zuwa Rigar Harsashi

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san 'yan lifida, domin ba a hawan Salla ba su fito ba, doki da mahayi sun kumbura kamar an naɗe su da katifa. Yara dariya suke yi musu, alhali kuwa a zamanin da, ganinsu kaɗai yakan raunana zuciyar abokan gaba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke fagen yaƙi.

Hikimar lifidi ba ta da wuyar ganewa. Ƙyalle ne bisa ƙyalle, an cusa auduga ko audugar rimi, an ɗinke tsam. Kibiya in ta zo sai ta nutse a ciki, ƙarfinta ya ƙare kafin ta taɓa fata. Sai fa nauyi, ga shi kuma ba ya shiri da wuta. Haka aka yi shekara ɗari biyar ana cin moriyarsa, har 1903. Ran 3 ga Fabrairu Kanar Morland ya ci Kano, kafin watan ya ƙare kuma dawakin Kanawa suka yi ta kai hari kan sojan Turawa da ba su cika hamsin ba a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Ba jarumtaka suka rasa ba. Makamin da aka zo da shi ne ya fi ƙarfin duk wata riga ta lokacin.

To, mai karatu, rigar harsashi mai laushi ta yau jikar lifidi ce. A 1965 wata Ba'amurkiya, Stephanie Kwolek, ta gano zaren da ake kira Kevlar. Shi ake saƙawa a jera shi falle bisa falle, ya riƙe harsashi kamar yadda koma ke riƙe kifi, ya watsa ƙarfinsa. Harsashin libarba ko ƙaramar bindigar hannu, mai gudun mita 350 zuwa 400 cikin daƙiƙa, rigar kirki tana tsai da shi, ko da yake mutum kan tashi da kumburi, wani lokaci har da karayar haƙarƙari. Amma na AK-47 gudunsa wajen mita 700 ne, ga tsini. Wannan sai an haɗa da farantin ƙarfe ko na tangaran. Kai, ko wuƙa mai tsini ma tana iya ratsa saƙar.

Abin da ya sa maganar ta dame ni, yayana gadin dare yake yi a wani ɗakin ajiyar kaya bayan gari, an kuwa raba musu irin mai laushin nan, ba wanda ya gaya musu iyakarta. Inna har ta daina zaman jiransa da asuba, wai ɗanta ya sami maganin bindiga na Bature. Na ce masa, "Yaya, wace irin bindiga 'yan fashin yanzu suke riƙewa?" Ya yi shiru, ya juya rigar ya laluba aljihun ƙirji inda ake zura faranti. Ba kome a ciki. Har yau dai ba mu gaya wa Inna ba.