Hannun Baba Ma Ya Yi Rawa



Na daɗe ina son in ba da wannan labari, kunya ce take hana ni, domin ba ni ne na yi abin kirki a cikinsa ba. Abin ya faru ne a watan Fabrairu na 2023, lokacin da aka canza fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka janye tsofaffin, sababbin kuma suka yi ɓatan dabo. Wanda ya yi kasuwa a wannan lokaci ba sai an tuna masa ba. Mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na Keke daga Kpakungu zuwa Mobil.

Mu hatsi muke sayarwa a Kasuwar Gwari, masara da dawa da gero da wake. Kakana ne ya fara. Ya biyo jirgin ƙasa daga Kano tun kafin Minna ta zama babban birnin jiha a 1976, ya sauka a Limawa, a nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni. Duk da haka in aka tambaye ni ɗan ina ne sai in ce Kano, garin da ban taka shi ya fi sau biyar ba.

Wata dattijuwa Bagwariya daga wani ƙauye a hanyar Gwada ta kawo mana buhu biyu na masara. Babu tsabar kuɗi, sai muka yi da ita zan tura wa ɗanta ta waya. Na tura, rasit ya fito, aka cire kuɗin daga asusuna, ta tafi. Washegari da hantsi sai ga ta ta dawo, da ɗan nata da wasu samari uku, wai ba su ga ko sisi ba. Na nuna rasit, yaron ya ture wayar. Magana ɗaya biyu, sai ya ɗaga murya ya ce mini ɓarawo, ya ƙara da cewa dama haka muke, mun zo garinsu muna cutarsu.

Mai karatu ya san abin da kalmar ɓarawo take haifarwa a tsakiyar kasuwa. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, namu a gefe guda, nasu a gefe guda, ba tare da wani ya raba su ba. Ni kuwa wallahi ban san lokacin da hannuna ya kai kan ƙarfen sikeli ba. Kunnuwana sun toshe, bakina ya bushe, ba na ganin komai sai fuskar yaron nan.

Baba yana zaune a kan buhu yana lissafi. Bai tashi da sauri ba. Ya ce, "Kai, ajiye. Zauna." Ya faɗa a muryar da yake aike na sayen goro. Sannan ya jawo benci ya ce, "Mama, bismillah, zauna ki huta." Ya gaishe ta da yarensu, ɗan abin da ya iya, ya sa aka kawo mata ruwa. Bai tambayi zancen kuɗi ba, ya tambaye ta lafiyar gida. Sai dattijuwar nan ta fashe da kuka. Ashe surukarta ce take kwance a asibiti, haihuwa ta zo da gardama, kuma masarar nan don ita aka sayar. Baba ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da naira 15,000, tsabar kuɗin da suka rage mana na cefane ke nan a gidan gaba ɗaya, ya ba ta, ya ce in kuɗin sun shigo ta dawo masa da su, in ba su shigo ba a zo a sake zama. Taro ya watse kamar an yi ruwa an ɗauke.

Na ji haushin Baba ƙwarai a ranar. A ganina gaskiya tana hannunmu, rasit yana hannunmu, an zage mu a gaban jama'a, shi kuma ya biya wanda ya zage mu. Na ce a raina wannan shi ne tsoron da iyayenmu suke kira haƙuri, wai mu baƙi ne, mu yi ta sunkuyar da kai. Sai da azahar ta yi na miƙa masa buta, na ga hannunsa yana rawa, har ruwan yana zuba a gefen ƙafarsa. Ya lura na gani. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Wannan rawar hannu ita ta tsaya mini a rai. In har shi ma ya ji abin da na ji, me ya sa nawa hannun ya tafi ga ƙarfe, nasa ya tafi ga benci? Wani abokina da yake karatun likita a Zariya na fara tambaya, ya ba ni bakin zaren, sauran kuma na yi ta bi a waya da ɗan Turancina na sakandare. Ni ba malami ba ne, abin da na fahimta zan faɗa.

A can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wasu 'yan curi biyu da ba su fi ƙwayar gyaɗa girma da yawa ba, ana kiransu amigdala. Aikinsu gadi ne. Da sun hango barazana sai su buga ƙararrawa, tun kafin mutum ya gama tunani, wasu halittu da ke saman ƙoda su zubo adirinalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya koma hannu da ƙafa, yawu ya ƙafe. Maigadin nan ba ya bambance kura da zagi. Shi ya sa na ji abin da na ji, kuma shi ya sa hannun Baba ya yi rawa. Sai kuma ɓangaren da ke bayan goshi, wanda shi ne yake auna abin da zai biyo baya, yake taka wa mutum birki. Masana sun nuna cewa in tashin hankali ya yi yawa wannan ɓangare yakan yi rauni na ɗan lokaci, kuma shi ne na ƙarshe wajen gama nuna, sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ina da 22 a lokacin. Ba ina nema wa kaina uzuri ba ne, amma na gane dalilin da ya sa in rikici ya tashi a gari samari ake gani a gaba.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage. A 1848 yana fasa dutse da albarushi, sai wani sandan ƙarfe ya shiga ta kumatunsa ya fita ta saman kansa, ya lalata wani sashe na bayan goshin nan. Bai mutu ba, yana magana yana gane mutane. Amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya riƙon ma'aikata ya koma mai zagi da rashin haƙuri, har ba a mayar da shi aikinsa ba. Daga baya ya murmure har ya yi shekaru yana tuƙa keken doki a ƙasar Chile. Mu da muke cewa hali zanen dutse, ga shi ƙarfe ya goge shi, zama da aiki kuma sun sake zana wani.

Amma inda zancen ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna garin wasu, shi ne batun tausayi. A 2004 wata mai bincike, Tania Singer, ta sa mata a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Landan, ana ɗan ja musu lantarki a hannu, sannan a ja wa mazajen da suke tare da su suna kallo. Wasu daga cikin sassan da suka motsa lokacin da matar ta ji zafi a jikinta, su ne suka motsa lokacin da ta ga nata yana jin zafi. Wato da Bahaushe yake cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, akwai abin da yake faruwa da gaske a cikin kai. To sai dai akwai saura. A 2010 ita da abokan aikinta suka gwada magoya bayan ƙwallo a Zurich, suka ga cewa motsin nan ya fi ƙarfi in ɗan ƙungiyarka ne yake shan wuya, ya ragu in ɗan ƙungiyar adawa ne. Ƙwaƙwalwa tana da son kai, tana ware namu da nasu. Da na karanta wannan sai na tuna cewa dattijuwar nan ta tsaya a gabana fiye da minti goma, idonta jawur, ban ga komai a fuskarta ba sai rigima. Da a ce Bahaushiya ce sa'ar Innata, anya da ban tambaye ta lafiya ba? Mu ne fa muke kiran maganar da ba ta fita daidai gwaranci, a cikin garin mutanen, alhali su Gbagyi suke kiran kansu, kuma Hausar da suke yi da mu ta fi Gwarancin da muke yi da su nesa ba kusa ba.

Na tambayi Baba daga baya ina ya koyi gaisuwarsu. Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yana saurayi ya je saro hatsi a wata kasuwar ƙauye da damina, zazzaɓi ya kayar da shi, motar da ta kawo su ta tafi ta bar shi. Wani manomi Bagware ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, ya kwana tara matar gidan tana dama masa kunu, da ya warke ya ba su kuɗi suka ƙi karɓa. Ya ce har yau in ya ga tsohuwa da kaya a kafaɗa, yadda suke ɗauka, matar nan yake gani. Abin mamaki, wani binciken da aka yi a Zurich ɗin a 2016 ya nuna kusan haka: mutanen da wani ɗan wata al'umma ya cece su daga jin zafi sau 'yan kaɗan, ƙwaƙwalwarsu ta fara tausaya wa sauran 'yan al'ummar, har waɗanda ba su taɓa gani ba. Godiyar shekara talatin ce ta jawo bencin nan.

Zaman da ya sa na yi kuwa, duk wanda ya je Islamiyya ya san an hore mu da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya kuma yi alwala. Ni dai na karanta ne don jarrabawa. Baba kuwa ya shekara arba'in yana yi, a kan kwabo, a kan mudu, a kan mai bashi da ya ɓuya, har ya zame masa jiki. Ya ce shi numfashi yake saki a hankali kafin ya buɗe baki, kuma abokina ya tabbatar mini cewa sakin numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Sannan na lura da wani abu a ranar: da Baba ya sassauta murya, kowa ya sassauta tasa don ya ji abin da yake faɗa. Mutum ɗaya ya zauna, kusan mutum talatin suka huce. Ba shi da sarauta a kasuwar nan, ko a ƙungiyar 'yan hatsi ba shi da muƙami.

Bayan kwana huɗu sai ga alat a wayata. Kuɗin sun dawo asusuna cif-cif, ba su taɓa isa wurinsu ba. Rasit ɗina gaskiya ne, maganarsu ma gaskiya ce. Na nuna wa Baba, ya ce, "To, kai za ka kai."

Sai da na yi kwana biyu ina haɗa tsabar kuɗi wurin masu POS da maƙwabta kafin su cika. Na hau mota, na sauka na hau acaɓa. Na tarar an sallamo surukar, jaririya tana nan da rai. Dattijuwar ta ƙirga kuɗin, ta ware na Baba 15,000 ta mayar mini, ta sa aka ɗauko doya biyar manya. Ɗan nata, wanda ya kira ni ɓarawo, shi ya saɓa doyar a kafaɗa ya raka ni bakin hanya. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Muna jiran acaɓa shiru ya yi yawa, sai ya tambaye ni wace ƙungiya nake bi a gasar gida. Na ce Kano Pillars. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A Minna aka haife ka, ga Tornadoes a bakin ƙofarka, kana bin Pillars?"