Ƙasashe Biyar Da Tikiti Ɗaya

Na ɗauki alƙalami ne don in ba ku labarin wani aiki da maigidana ya ɗora mini, wanda ya hana ni barci har sati biyu, amma wallahi na ji daɗinsa fiye da ɗinkin sallah.

Shekararmu biyu a Barlin ta ƙasar Jamus, inda aure ya kawo ni, shi kuma yana karatu. Saura wata huɗu mu tattara mu dawo gida, ga shi ban taɓa leƙa wata ƙasa ba, daga gida sai kasuwa sai ajin koyon Jamusanci. Rannan ya ce, "Ga abin da na tara, ki haɗa da na kitsonki. Ni rubutu ya sha mini kai, ke za ki tsara mana tafiya. In kuɗin sun isa mu je, in ba su isa ba mu haƙura." Ni da ko Zariya ban taɓa zuwa ni kaɗai ba! Gabana ya faɗi, don na san in wannan dama ta wuce, to fa sai wani ikon Allah.

Abin da na fara ganowa shi ne akwai tikiti guda da ake shiga jiragen ƙasa na ƙasashe 33 da shi. Sunansa Interrail ga mazauna Turai, wanda ya zo daga waje kuma, kamar daga Nijeriya ko Nijar, sai ya sayi Eurail. Tun 1972 aka fara Interrail domin matasa, daga baya aka buɗe wa kowa. Wanda bai kai shekara 28 ba ana yi masa rangwame. Ni ina da 22, maigida ya haura talatin, don haka nawa ya fi araha. Na kuwa tsokane shi, na ce, "Ka ga amfanin auren yarinya ke nan." Ya yi dariya ya ce in dai ci gaba da lissafi.

Tikitin iri biyu ne. Akwai na kwanaki a jere, akwai kuma wanda kike zaɓar ranakun tafiya, misali kwana 5 a cikin wata ɗaya. Ranar da kika shiga jirgi ita ake ƙirgawa, ko jirgi nawa kika sauya a ranar, ranakun da kike yawo a gari kuwa ba a taɓa su. Sannan a ƙasar da kike zaune, Interrail ba ya aiki sai ranar fita da ranar dawowa. Wannan ya sa na zauna da taswira da biro kamar mai shirin jarrabawa.

Burina tun ina aji uku shi ne in ga tsohon masallacin Ƙurɗuba a Sifaniya, wanda malamin tarihinmu yake ba mu labari. Da na auna nisan, sai jikina ya yi sanyi. Sai mun ratsa Faransa gaba ɗaya, kuma jiragen gudu na Faransa da Sifaniya da Italiya ba a shigarsu da tikitin kaɗai, sai an biya kuɗin kama kujera daban. Zuwa da dawowa za su cinye ranakunmu da rabin guzurinmu. Ranar har na yi hawaye a ɗaki. Amma Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, sai na ajiye Ƙurɗuba a zuciya na nemi abin da aljihunmu zai ɗauka.

Ga yadda na tsara. Rana ta farko daga Barlin zuwa Firag a ƙasar Cek, tafiyar awa huɗu da ɗoriya. Ta biyu daga Firag zuwa Biyana a Ostiriya, kusan awa huɗu. Ta uku zuwa Banis a Italiya, garin da kwalekwale yake maye gurbin mota. Ta huɗu mu bi ta Milan mu shiga Zurik a Siwizalan, ta cikin ramin Gotad mai tsawon kilomita 57 da aka buɗe a 2016, wanda babu ramin jirgin ƙasa da ya kai shi tsawo a duniya. Ta biyar mu dawo gida. Kowane gari kwana biyu, sai Zurik kwana ɗaya saboda tsadarta.

Akwai ƙananan abubuwan da in ba a lura ba su ke ɓata tafiya. Kuɗi iri uku za mu riƙe: yuro a Jamus da Ostiriya da Italiya, koruna a Cek, faran a Siwizalan. Duk ƙasashen suna cikin yankin Shengen, takardar zamanmu ta Jamus ta wadatar tare da fasfo, amma mai tasowa daga gida sai ta nemi biza. Na bar aƙalla rabin awa a duk inda za mu sauya jirgi. Na nemi masauki kusa da tasha, na rubuta inda masallaci yake da gidan abincin halal. Jaka ɗaya kowa. Na soya cincin da dambun nama, na ƙulla garin yaji a leda.

Da na shimfiɗa masa takardar, ya daɗe yana dubawa, ya bi lissafin layi-layi, har da 'yan canjin da na ware saboda ɓacin rana. Can ya ɗago ya ce, "Ashe haka na auro akawu ban sani ba?" A daren muka sayi tikitin, ya sauko mana a waya.

Ƙannena, wannan darasin taswira da na lissafi da kuke gudu a aji, shi ya fisshe ni kunya a gidan mijina. Ku riƙe shi da kyau. Mu kuma ranar Asabar za mu tashi, ku sa mu a addu'a Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, amin.