Daga Agadas zuwa Timiya bayan saukar ruwan sama

Duk ɗalibin da ya duba taswirar Jamhuriyar Nijar zai ga wani jerin duwatsu a arewacin Agadas. Hausawa suna kiran wannan ƙasa Azbin, mutanenta kuma Azbinawa ko Buzaye. A can ne dutse mafi tsawo a Nijar yake, a cikin tsaunukan Bagzan, mai tsayin mita 2,022. Galibin shekara ƙasar a bushe take, ruwan da ke sauka a Agadas a shekara guda bai cika wuce milimita 150 ba, kuma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin watan Yuli da Satumba. Amma ɗan wannan ruwa shi ke yanke hukuncin wanda zai yi tafiya da wanda zai zauna. A ƙarshen watan Agusta muka kama hanyar Timiya, wani gari mai lambuna da ke kimanin kilomita 220 a arewa maso gabashin Agadas, kwana biyu bayan an yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu.

Motoci biyu muka ɗauka, Land Cruiser da Hilux, duka masu jan ƙafa huɗu. A wannan hanya ba a son mota ta tafi ita kaɗai, domin idan ta kafe ko ta lalace babu bakanike kusa, kuma wayar salula ba ta samun sabis a wurare da yawa. Kowace mota tana ɗauke da safayar taya biyu, da shebur, da jak, da igiyar jan mota, da famfon hura taya, da wasu faffaɗan ƙarafa masu huji-huji da ake shimfiɗa wa taya idan ta nutse. Akwai jarkokin mai da na ruwan sha, da abincin da zai kai kwana uku fiye da lissafin tafiyar. Kafin mu fita an sanar da hukuma inda za mu, domin yankin yana da matsalar tsaro, kuma baƙo ba ya shiga sai da izini da ɗan jagora. Namu jagoran wani dattijo ne Buzu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin raƙuma zuwa Bilma ɗauko gishiri. Yana jin Hausa kamar jakin Kano, kamar yawancin mutanen Agadas.

Da hantsi muka bar gari, hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da ƙasa mai tsayin mita 27, tana ta ƙanƙancewa a bayanmu. Hanyar tana bin gefen kwarin Telwa zuwa Dabaga, tafiyar kimanin kilomita 45. Wanda ya san wurin da rani ba zai gane shi ba. Ciyawa ta tsiro a inda a da tsakuwa ce zalla, bagaruwa da aduwa sun yi sabon ganye, awaki da raƙuma sun bazu suna kiwo. Iska tana ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Direbanmu ya ce yashin da ya sha ruwa ya fi busasshe daɗin tuƙi, domin yana daskarewa ya riƙe taya. Abin tsoro shi ne laka da kuma ƙoramu.

Ba mu yi nisa da Dabaga ba muka tarar da ƙoramar farko ta kawo. Ruwa ne ja-ja-wur, yana gudu da rugugi, yana ɗauke da rassan itace da ganyen kaba. Sama kuwa garau take, babu ko ɗigon hadari a kanmu. Wani matashi a cikinmu ya dubi jagora ya ce, "Baba, ina ruwan nan ya fito alhali ba a yi ruwa a nan ba?"

Dattijon ya nuna wasu duwatsu can nesa da baƙin gajimare ya lulluɓe. Ya ce, "Daga can yake, yaro. Ku sauko da tabarma, yau sai abin da ƙorama ta ce."

Ga yadda abin yake. Duwatsun Azbin galibinsu tsandauri ne, ba sa shan ruwa, kuma babu ciyayi masu yawa da za su tare shi. Idan hadari ya zubar da ruwa na sa'a ɗaya a kan tsauni, kusan duka zai gangaro lokaci guda, ƙananan magudanai su haɗu su zama babba, babba ta faɗa cikin kwari. Mutumin da ke kilomita 30 ko 40 a ƙasa ba zai ga walƙiya ba, sai dai ya ji ƙara kamar ta jirgin ƙasa, ya waiga ya ga ruwa tafe. Ruwa kuma yana da nauyi. Akwatin da faɗinsa da tsawonsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, idan aka cika shi da ruwa, nauyinsa kilo 1,000 ne. Masana yanayi sun ce ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗauke ƙaramar mota, wanda ya kai santimita 60 kuwa yana iya tafiya da manya irin namu. Santimita 60 bai wuce gwiwar babban mutum da kaɗan ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a Azbin. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar a shekarar 1850 a hanyarsa ta zuwa Agadas da Kano, ya rubuta yadda wani busasshen kwari da suka yada zango a ciki ya koma kogi cikin ɗan lokaci, har ya tafi da dabbobi. A farkon watan Satumba na 2009 ma, ruwan da ya sauka a duwatsu ya cika Telwa ya fasa madatsa, ya shiga unguwannin Agadas ya rusa dubban gidaje.

Sa'a huɗu muka yi a bakin ƙoramar. Jagora ya kafa kara a gaɓar ruwa, jim kaɗan sai ya je ya duba. Da ruwan ya fara janyewa daga jikin karan, ya ce a ƙara haƙuri, domin wani lokaci ruwa na biyu yana biyo bayan na farko. An hura gawayi, an dafa shayi zagaye uku kamar yadda Buzaye ke yi. Motoci suka taru a gaɓa biyu, ana ɗaga wa juna hannu, babu mai yunƙurin shiga.

Da ruwan ya sauka ƙasa da gwiwa kuma gudunsa ya ragu, yaron mota ya naɗe wando ya shiga da sanda, yana caccakar ƙasa taki bayan taki. Yana neman rami da ruwa ya haƙa, da dutsen da ya mirgino, da wurin da yashi ya yi laushi. Inda ya bi ya fita lafiya, nan mota za ta bi. Dokar direbobin ita ce, ruwan da mutum ba zai iya tsayawa a ciki ba, mota ma ba za ta iya ba. Direba ya saka ƙaramar giya mai ƙarfi, ya sauke gilasai domin a samu mafita idan abu ya ɓaci, ya shiga a hankali da gudu ɗaya, bai canza giya ba, bai tsaya a tsakiya ba. Dalilin tafiya a hankali shi ne kada ruwa ya yi tsalle ya shiga inda injin ke shaƙar iska. Iska tana matsuwa a cikin injin, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka ko kaɗan ya shiga yana iya lanƙwasa ƙarfen ciki, injin ya mutu nan take. Shi ya sa za ku ga wasu motocin hamada da dogon bututu a gefen gilashin gaba, ta nan suke numfashi. Da muka haye, direba ya riƙa taka burki kaɗan-kaɗan yana tafiya har ya bushe. Sai da mota ta farko ta fita sannan ta biyu ta shiga.

Gaba kaɗan muka iske abin da laka ke yi. Wata babbar mota maƙare da buhunan albasa ta nutse har gindinta ya zauna a ƙasa. Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, rana ta busar da samansa ya yi ɓawo, amma ƙarƙashi taɓo ne. Kwanansu biyu a nan. Albasar ta manoman lambunan cikin duwatsu ce, ana kai ta Agadas, daga can ta wuce kasuwannin kudu. Ɗanshi da zafi sun fara taɓa buhunan ƙasa, kuma kowane buhu da ya ruɓe asarar wahalar watanni ce ga wani gida. A wannan hanya ba a wuce wanda ya kafe. Muka sauka, aka sauke rabin kayan, aka haƙe gaban tayoyi da shebur, aka ɗaga da jak a kan katako, aka cusa duwatsu da ƙarafan shimfiɗa. Direbanmu ya hana a ci gaba da ba ta wuta, ya ce tayar da ke juyawa a wuri ɗaya kabarinta take haƙawa. Sai bayan la'asar motar ta fito, muka taya su mayar da buhuna.

A wuraren da yashi ya bushe ya yi zurfi, dabarar daban ce. Ana sace iskar taya kusan rabi, sai tayar ta baje ta taka wuri mai faɗi, nauyin mota ya rarrabu. Da an koma kan duwatsu sai a sake hurawa, in ba haka ba kaifin dutse ya yanka gefen taya. Saukewa da hurawa sun ci mana lokaci, amma sannu ba ta hana zuwa.

Magariba ta riske mu kafin Elmeki, garin da aka sani da haƙar kuza. Akwai wani kwari mai farin yashi mai laushi, ga inuwar goriba, wurin da duk gajiyayye zai so ya shimfiɗa bargo. Jagora ya wuce shi ya kai mu kan wani tudu mai tsakuwa. Ya nuna mana busasshiyar ciyawa da ta maƙale a rassan wata bishiya a cikin kwarin, sama da kan mutum. Nan ruwan shekaranjiya ya kai. A kan tudun aka kwaɓa garin alkama, aka binne shi cikin toka da yashi mai zafi, ya gasu ya zama gurasar da Buzaye ke kira tagilla. Muka ci da miya da cuku, walƙiya tana ta haskawa can arewa.

Kashegari hanya ta ƙara wuya. A wasu wuraren ruwa ya shafe sawun motoci gaba ɗaya, a wasu ya yanke gaɓa ta zama gangare mai tsayin mutum, sai an sare ta da shebur an jera duwatsu kafin mota ta sauka. Jagora yana gane hanya da siffar tsaunuka da tarin duwatsun da matafiya suka jera. Duk inda tsohuwar hanya ta bayyana, a kanta muke komawa, kuma dalili biyu ne. Na farko, a lokacin tawayen da aka yi daga 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu sassan yankin, ruwa kuma yana iya kawar da abin da aka binne daga inda yake. Na biyu, ciyawar da damina ta fitar ita ce abincin dabbobin makiyaya har wata shekara. Mota ɗaya da ta ratsa jiƙaƙƙen fili tana barin sawu biyu masu zurfi, ruwa na gaba ya bi su, su zama zaizaya. Gabashin waɗannan duwatsu da wani ɓangare na hamadar Tenere gandun da aka keɓe ne, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 77,000, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1991.

Da yamma muka shiga Timiya. Gari ne a tsakanin baƙaƙen duwatsu, lambuna sun jeru a gefen kwari, da dabino da lemo da rumman da inabi da ɓaure. A kan wani tsauni akwai tsohuwar ganuwar soja da Faransawa suka gina, daga nan ana hango garin duka. Kilomita kaɗan daga gari ruwa yana zubowa daga kan dutse cikin wani tafki, yara suna ta iyo. Wani mai lambu ya nuna mana rijiyarsa, inda raƙumi ke jan guga. Ya ce ruwan da ya tsare mu a hanya shi ne ke nutsewa cikin yashin kwari ya cika rijiyoyi, da shi za a yi ban-ruwa har rani. Shekarar da ƙorama ba ta kawo ba, rijiya tana ja da baya, bishiyoyi su fara bushewa. A bara kuma, in ji shi, ruwan ya ci gefen lambun maƙwabcinsa da bishiyar lemo shida.

Tafiyar da ake yi a yini ɗaya da rani ta ɗauke mu kwana biyu cur. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su da shirin zuwa Azbin a kusa, amma ƙorama tana nan a hanyar makaranta da ta gona, daga Katsina har Damagaram, kuma halinta ɗaya ne. Idan kun tarar ta kawo, ku dubi gudunta kafin zurfinta, ku kafa kara a gaɓa ku ga ko tana ƙaruwa ko tana raguwa, ku riƙe hannun ƙannenku, kada kuma ku yarda mai babur ko direba ya shiga da ku don yana sauri. Yawancin irin wannan ruwa yana wucewa cikin 'yan sa'o'i.