Kusurwar Gafaka

Mu biyu ne, wa da ƙane, 'ya'yan baduku kuma jikokin baduku. A Makarfi muka tashi, garin da duk wanda ya ji sunansa sai rake da mazarƙwaila su faɗo masa a rai, amma mu a gidanmu warin bagaruwa da jar fatar akuya muka buɗe ido muka tarar. Mahaifinmu da basilla yake aiki. Ya huda, ya zura zare, ya ja, ya sake hudawa, tun hantsi har kiran sallar Azahar, gafaka guda tana cin kwana biyu a hannunsa.

Da muka tasa sai muka ga abin ya yi mana nawa. Mun je Kano, mun ga yadda masu takalma da jakunkuna na Ƙofar Wambai suke kwarara ɗinki da babban keke mai amfani da lantarki, abin da Baba yake yi a wuni su kammala shi kafin mutum ya shanye kofin shayi. Muka sayar da raken gonar gado na shekara guda tun yana tsaye, muka ciwo bashin ragowar wurin kawunmu na Hunkuyi, muka sayo Juki na hannu, wanda ya riga ya sha aiki a wani wuri. Ran da aka sauke shi a zaure Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce, "To, Allah Ya sa albarka." Bai ƙara ko kalma ba, ya koma kan buzunsa.

Ba a yi wata guda ba sai ga aiki. Wani malamin makarantar allo daga Ikara yana da ɗalibai masu sauka, yana son gafaka 30, kowane yaro da tasa, kafin ranar walima. Muka karɓi rabin kuɗi, muka sayo fata, muka yanka.

Mai karatu, miƙaƙƙen ɗinki ba ya ba kowa tsoro. Ka taka feda, keke ya kwasa da gudu, layi ya fito sambal kamar titin Zariya zuwa Kano. Amma gafaka kusurwa huɗu gare ta, murfinta ma da nasa, kuma a nan ne asirinmu ya tonu. Ta farko, keke ya zarce kwanar da taki biyu kafin mu tsayar da shi. Ta biyu, muka tsaya daidai, muka juya fatar, amma da muka duba sai muka ga zaren ya tsallake ramin kwana ya yanke ta a karkace, kamar ɗan acaɓan da ya ƙi bin shataletale. Ta uku, sama lafiya lau, ƙasa kuwa zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Kafin Magariba mun kashe fata shida.

Ga inda fata ta bambanta da yadi. Tela in ya yi kuskure sai ya farke, ya sa dutsen guga, shi ke nan. Fata ba ta mantuwa. Allurarta ma daban ce, bakinta yanka yake yi kamar wuƙa, don haka duk inda ta shiga rami ya zauna har abada. In ka ce za ka maimaita ɗinki a wuri guda, ramukan su haɗe, kwanar ta yage a hannun yaro tun kafin ya kai izu biyu a tilawa.

Daren nan ba mu yi barci ba. Muka yi ta lissafin bashin kawu da kuɗin malam da muka riga muka taɓa, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Babban ya ce ƙaramin ne mai nauyin ƙafa, ƙaramin ya ce ai babban ne ya matsa a sayo keken. Abin da ya fi ci mana rai shi ne Baba yana ji, bai ce uffan ba.

Da asuba bayan an idar da salla ya ce, "Ku yara, in kun zo kwana, wa yake ɗinkin, ku ko injin?" Muka yi shiru. Ya ɗauki guntun fata, ya sa bakin basilla ya ɗiga tabo guda a daidai inda layi biyu za su haɗu. Ya ce shi tun yana yaro ramin kwana yake fara hudawa, sa'an nan ya raba sauran ramukan su zo su same shi. Mutumin da bai taɓa taka feda ba, shi ya ba mu bakin zaren.

Ragowar da kanmu muka gano, kan guntayen fatun da muka ɓata. Saura taki huɗu ko biyar a kai tabon, sai a ɗauke ƙafa daga feda gaba ɗaya, a koma juya kan keken da hannu, domin irin tsohon injin nan ba ya san sannu ba, ko ya tsaya ko ya ruga. A dubi tazarar da ta rage. In ba za ta cika taki daidai ba, a ɗan rage tsawon takin tun daga nesa, a raba gibin a kan uku ko huɗu yadda ido ba zai kama ba, kada a bar shi duka ya faɗa kan na ƙarshe. Allura ta sauka cikin tabon sosai.

Sai babban sirrin, wanda ya ci mana kwana biyu. Ba a juya fata lokacin da allura take kan sauka, ko tana can ƙasa ƙurmus. Sai ta kai ƙasa ta fara tasowa kaɗan, domin a wannan lokacin ne ƙugiyar da ke ciki take cafke zaren sama ta zagaya da shi kan na ƙasa. In ka juya kafin nan, ƙugiya ta kama iska, shi ne zaren yake tsallake kwana. Sa'an nan ƙarfen gwiwa da ke ɗaga ƙafar keke, taɓa shi ake yi kaɗan, iyakar yadda fata za ta juya. In ka banka shi duka, abin da ke matse zaren sama ya saki, ga sheƙar tsuntsun nan ta dawo. A juya, a sauke, a yi taki biyu da hannu, kana a koma feda. Inda fata ta ninku kuwa, a fere bayanta da wuƙa ta yi sirara, a sa gam, a bubbuga da guduma ta kwanta tun kafin a kai ta bakin allura.

Wani abin da muka karanta daga baya ya ba mu dariya. A 1851 Bature Barth ya shiga Kano ya rubuta labarin takalma da jemammun fatun da ake kai wa har Tarabulus, kuma a wannan shekarar ce Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka. Ashe kakanninmu sun daɗe da gama sanin kwana tun keken yana jariri. Mu ne dai muka ɗauka kuɗin rake zai saya mana abin da ke zaune a zaurenmu kyauta.

Gafaka 30 ba su samu ba. Fatar da ta rage ta 24 ce, kuma babu kuɗin ƙari. Muka hau mota zuwa Ikara da su a buhu, muka durƙusa muka gaya wa malam gaskiya. Ya jujjuya guda ɗaya, ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, amma yara shida fa? Me zan ce da iyayensu?" Ba mu da amsa. Muka roƙi kwana goma, ya ce walima saura takwas.

Da muka dawo gida muka tarar Baba ya ciro fatu uku da ya daɗe yana ɓoyo a ƙarƙashin gado, jajaye masu laushi, irin na Sakkwato, waɗanda ya ce na sirdin wani basarake ne da bai dawo ya karɓa ba. Ya auna, ya yanka da kansa, ya ɗiga tabon kowace kusurwa da basilla, ya turo mana su gaban keke. Ya ja buzunsa kusa, ya zauna inda zai riƙa ganin allurar.