Mataki na 5 ko na 8: Darasi Daga Faifan Baba

Bayan rasuwar mahaifina, na gaji akwati guda na faifan CD, galibinsu waƙoƙin Mamman Shata. Wasu sun fara ƙarjewa, sai na ƙuduri aniyar kwashe su zuwa kwamfuta tun kafin su lalace.

Dare guda na ɓata ina auna matakan matsewa na FLAC, daga 0 zuwa 8. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Kowane mataki yana dawo da sautin yadda yake, ko bit ɗaya ba ya salwanta. Na 8 yana ɗan rage girman fayil ne kawai, ya kuma ƙara lokacin aiki. Na bar shi a kan 5, inda aka saita shi tun asali. Ɗaga sauti sama da bit 16 da kilohaz 44.1 na faifan kuwa cin wuri ne kurum.

Haɗarin yana wajen karanta faifan. FLAC mai riƙon amana ne: kuskuren da aka miƙa masa, shi zai adana. Don haka na kunna karatun tsanaki na Exact Audio Copy, mai komawa kan gurbin da ya ƙarje har sai karatun ya daidaita.

Waƙa ɗaya ta ƙi karantuwa. Faifanta yana nan a akwati, ban jefar ba.