Mako Huɗu a Hamburg

Masu sukar gajerun tafiye-tafiyen karatu sukan ce yawon buɗe ido ne aka sanya wa rigar ilimi. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin mako huɗu ba ya isar mutum ya naƙalci baƙon harshe. Sai dai kwas ɗin Jamusanci da na halarta a Hamburg lokacin hutun bazara, ina ɗalibin jami'a, ya ba ni abin da babu shi cikin manhaja.

Abokan karatuna, waɗanda suka fito daga ƙasashe daban-daban, sun riƙa tambayata game da harshena. Wajen amsa musu na fara lura cewa Hausa tana bambanta "kai" da "ke", alhali Jamusanci "du" kaɗai gare shi. Kuma jinsi biyu gare mu, su uku, amma dukkanmu muna watsar da jinsi a jam'i. Abin da na sha da nonon uwa sai ya zame mini abin nazari. A birnin aka haifi Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851 yana jin Hausa, kuma jami'ar birnin tana koyar da ita.

Na dawo da Jamusanci kaɗan, amma tafiyar ce ta karkata ni ga nazarin Hausa. Damuwata ita ce kuɗin jirgi da biza sun mayar da wannan dama ta 'ya'yan masu hali. Wajibi ne jami'o'inmu su nema wa ɗan talaka tallafi, shi ma ya hango harshensa daga nesa.